Da'ira a tuta da tambari da allon hanya: me take gaya wa ido?

Wanda ya ce zai ƙirga da'irorin da idonsa ke cin karo da su daga safe zuwa dare zai gaji bai gama ba. Tana tsakiyar tutar Nijar, tana gaban motar Audi, tana jikin katin cirar kuɗi, kuma hoton kowa a WhatsApp a cikinta yake zaune. Masu zanen tambari sukan ce da'ira na nufin haɗin kai da cika da dawwama. Da gaskiya a maganar, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Me ya sa al'ummun da ba su taɓa haɗuwa ba duk suka ba da'ira muhimmanci?

Saboda sama guda ce ta rufe su. Rana zagayayya ce, wata ɗan daren sha huɗu haka, ƙwayar ido haka, dutse ma in aka jefa shi a tafki zobe-zobe ruwan ke yi. Sannan layin da'ira ba shi da farko balle ƙarshe, shi ya sa ya dace da duk abin da ke tafiya ya dawo, kamar damina da rani. Mutanen tsohuwar Masar sun zana maciji ya lanƙwaso yana haɗiyar wutsiyarsa, kuma an samu wannan hoton a kabarin Fir'auna Tutankhamun. A Indiya, kalmar mandala a harshen Sanskirit da'ira take nufi. Mabiya Zen, wani reshe na addinin Buddha, a Japan suna zana ta da jan buroshi sau ɗaya, wani lokaci su bar bakinta a buɗe da gangan. Mutanen ƙabilar Akan ta Ghana kuwa suna da Adinkrahene, da'ira uku wata cikin wata, wadda suke ɗauka sarkin alamominsu na gargajiya da ake kira Adinkra.

Akwai dalili na biyu da masu falsafa ke yawan tsallakewa, wato arha. Akuyar da aka ɗaure a turke da'ira take sharewa da bakinta, ba wanda ya koya mata. Turke da igiya kawai ake buƙata. Kuma in kana da shinge mai tsawon mita 40, ka yi murabba'i da shi, filin da za ka killace murabba'in mita 100 ne. In ka zagaya shi, ka samu kusan 127. Maginin kago da rumbu da mai haƙa rijiya ba su zauna sun buga wannan lissafi ba, hannu ne ya gano tun kaka da kakanni. Ni dai ina ganin amfani ne ya riga ma'ana zuwa.

A Musulunci fa, da'ira tana da wani matsayi?

Ba ta da wata tsarki ta kanta, wannan a fara sani. Amma tana bayyana a wurare masu girma. Mahajjaci yana ɗawafi sau 7 yana barin Ka'aba a hagunsa, kuma a Harami ne sahun salla ke lanƙwasa ya zama zobe, domin kowa alƙibla ɗaya yake fuskanta daga kowace kusurwa. Ɗalibai na zama a halƙa su kewaye malami. Ko a allo, ɗaurin da ke kan harafi 'yar ƙaramar da'ira ce.

A shekarar 762 Halifa al-Mansur na Abbasiyawa ya kafa Bagadaza a zagaye, fada da masallaci a tsakiya, da ƙofofi 4: ta Kufa, ta Basra, ta Khurasan da ta Sham. Saƙon a fili yake, halifa ne cibiya, daular kuma a kewaye da shi take. Kazalika taurarin nan masu tsini 8 ko 12 da ake gani a bangon masallatan Maroko da Iran, da kamfas na zana da'ira ake fara su. Mai zane ya buga da'ira, ya raba ta, ya ja layuka, daga baya ya share ta. Tana nan a ƙarƙashin adon, ido ne ba ya ganinta.

Yaya da'ira ta zama alamar babu?

Wannan shi ne abin dariyar. Siffar da ake cewa tana nufin cika, ita ce kuma sifiri. Masanin lissafi Brahmagupta na Indiya ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifiri a shekarar 628, kuma akwai rubutun dutse na shekarar 876 a garin Gwalior da ke ɗauke da shi a zagaye yadda muke rubuta shi yau. Kalmar ta iso mana daga Larabci. Amma duk wanda ya duba lambobin shafin Alƙur'ani bugun gabas ya san cewa a can ɗigo ne sifiri, da'irar kuma 5 ce. Siffa ɗaya, boko ya ce babu, Larabci ya ce biyar.

Maɓallin kunna na'ura ma daga nan ya samo asali: layi a tsaye 1 ne, wato a kunne, da'ira 0 ce, wato a kashe. Haɗa su aka yi aka samu alamar da ke jikin rimot.

Da'irar da ke kan tutoci, duk rana ce?

Da yawa rana ce, ba duka ba. Ta Nijar, mai ruwan lemo a tsakiyar farin ratsi, an amince da ita a Nuwamban 1959, kafin samun 'yancin kai a Agustan 1960, kuma an fi fassara ta da rana. Ta Japan, ja a kan fari, rana ce, duk da sai a 1999 doka ta tabbatar da ita a matsayin tutar ƙasa. Zanen farko da Taiwo Akinkunmi ya gabatar a gasar zana tutar Nijeriya ma yana da jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire. Amma rawayar da'irar tsibirin Palau wata ce. Ta Indiya kamar ƙafar keke take, mai sanduna 24, wadda aka ɗauko daga ginshiƙan Sarki Ashoka.

Tutar Bangladesh na da wata dabara da ta burge ni: jar da'irarta ba a tsakiya daidai take ba, an ɗan matsar da ita wajen sanda, don in iska ta kaɗa tutar a gan ta a tsakiya. Ita kuwa ta Tarayyar Turai, mutane kan zaci taurari 12 ɗin ƙasashe ne. A'a. Tun 1955 aka zaɓi adadin, kuma ko da mambobi suka kai 28, Birtaniya ta fice a 2020 suka koma 27, ba a taɓa tauraro ko ɗaya ba.

Zoben Olamfik da na Audi suna kama, akwai dangantaka?

Babu, sai dai tunanin iri ɗaya ne: zobe cikin zobe yana nuna tarayya. Bafaranshe Pierre de Coubertin ne ya zana zobba 5 na Olamfik a 1913, tutar ta fara tashi a gasar Antwerp ta 1920. Biyar ɗin nahiyoyi ne, amma maganar da ake yaɗawa cewa baƙin zobe na Afirka ne, rawaya na Asiya, ba daga bakinsa ta fito ba. Hujjarsa ita ce shuɗi, rawaya, baƙi, kore, ja da farin ƙyallen sun tattara launukan tutocin ƙasashe na lokacin. Zobba 4 na Audi kuma kamfanoni huɗu ne da suka haɗe a Jamus a 1932: Audi, DKW, Horch da Wanderer.

Mastercard ya nuna iyakar ƙarfin wannan dabara. A 2019 ya cire sunansa daga tambarin ya bar da'ira biyu kawai, ja da rawaya. Sai dai kada a ruɗu, ba da'irorin ne suka yi aikin ba, shekaru sama da 50 na maimaitawa ne. Mai sabon shago ya gwada haka, ba wanda zai san me yake sayarwa.

A nan bari in ɗan ratse. Kalmar tambari da muke kiran alamar kamfani da ita, sunan gangar sarauta ce, kuma masu ɗinkin babbar riga suna kiran murɗaɗɗen zagayen nan na aikin rigar da sunan. Ganga, ado, alamar kamfani, duka ukun abu guda suke yi, wato sanar da mai zuwa tun daga nesa.

To ashe da'ira kullum alheri take nufi?

Ko kusa. Duk layin da ya tara wasu a ciki ya bar wasu a waje, tambayi yarinyar da aka hana shiga gaɗa. A Faransa, Sarki Louis na 9 ya tilasta wa Yahudawa a 1269 su liƙa zagayayyen ƙyalle a tufafinsu don a bambanta su da sauran jama'a. A kan titi ma da'ira ba lallashi take yi ba. Bisa yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan alamomin hanya, alwatika gargaɗi ce, da'ira kuwa doka: mai jan baki hani, shuɗiya umarni.

Ma'anar ma tana juyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Ɗalibinmu ya ga malami ya zagaye amsarsa da jan biro, gabansa faɗuwa yake. Ɗalibin Japan murna yake, don a can da'ira ita ce alamar daidai. Shi ya sa a na'urar wasan PlayStation, shekara da shekaru maɓallin da'ira ne "na yarda" a Japan, alhali a Turai da Amurka X ne, sai da PlayStation 5 ta fito a 2020 aka mayar da kowa kan X. Haka zoben da ake yi da babban yatsa da manuniya: a Amurka "komai lafiya", a Japan kuɗi, a Burazil zagi.

Akwai binciken da ya nuna ido ya fi son abu zagayayye?

Akwai, amma a yi taka-tsantsan da shi. A 2006 masu bincike Moshe Bar da Maital Neta sun nuna wa mutane hotunan abubuwa bibbiyu, ɗaya mai lanƙwasa ɗaya mai tsini, aka fi zaɓar masu lanƙwasa. Bayaninsu shi ne tsini na tuna wa ƙwaƙwalwa abin da ke iya yanka. Tun 1929 ma Wolfgang Köhler ya lura cewa in aka ba mutane sunayen ƙirƙira biyu, mai taushin furuci sukan ba dunƙulalliyar siffa, mai kaifin furuci su ba mai tsini. Bahaushe ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya yarda: faɗi "mulmule" da "ɓulɓul", sannan ka faɗi "tsinke" da "tsitsit", ka ji yadda leɓɓanka ke yi.

Wannan dai karkata ce ta ɗan lokaci, ba hujja ba ce cewa tambari zagayayye zai sa a amince da kaya. A 1923 mai zane Kandinsky ya raba takardar tambaya a makarantar Bauhaus ta Jamus yana son tabbatar da cewa shuɗi ne launin da'ira, rawaya na alwatika, ja na murabba'i. Tutar Japan kaɗai ta isa ta ba shi amsa.

Da gaske ne da'irorin da ke cikin tambura ba cikakku ba ne?

Da yawansu, e. Ido yana da ha'inci. In aka jera da'ira da murabba'i masu tsawo ɗaya, da'irar za ta yi kamar ta fi ƙanƙanta, domin ɗigo ɗaya kawai take taɓa layin sama da na ƙasa. Saboda haka masu ƙera haruffa suke sa O ya ɗan zarce H sama da ƙasa. Harafin G mai launi huɗu da Google ya fito da shi a 2015 ma an auna shi an ga bai cika da'ira ba, kuma ba kuskure ba ne. Dabarar tutar Bangladesh ce aka sake yi: a karkata wa ma'auni don a daidaita wa ido.

Mai ƙaramar sana'a da ke son tambari, ya sa da'ira ko ya bari?

Ya fara tambayar kansa inda tambarin zai zauna. In kasuwarsa a WhatsApp da Instagram da Facebook take, ko ya so ko ya ƙi da'ira za a yanka masa, kuma yankan yana cinye kusan kashi 21 cikin 100 na hoto mai kusurwa huɗu, duk daga kusurwoyin. Nan ne lambar waya da ƙarshen suna ke ɓacewa. Kuskuren da na fi gani shi ne a naɗe dogon suna a bakin da'irar, a cusa hoton keken ɗinki da almakashi da fure a ciki, a ƙara adireshi, har abin ya koma hatimin ofishin ƙaramar hukuma. A allon kwamfutar mai zanen yana da kyau. A waya, inda girmansa bai wuce farcen yatsa ba, tabo ne kawai.

Abu ɗaya a tsakiya, launi biyu, a bar sarari a gefe. Kafin a biya mai zane, a tura wa wani a waya, ya riƙe ta a nisan hannu a cikin rana, a tambaye shi me ya gani.