Bistro

Bistro, wanda Faransawa kan rubuta bistrot, ƙaramin gidan abinci ne na unguwa a ƙasar Faransa, inda ake sayar da girki irin na gida da kofi da giyar inabi a farashin da ma'aikaci zai iya biya. Galibi mai wurin ne da kansa ke tsaye bayan kanta, teburan kaɗan ne kuma a matse, abincin ranar kuwa a rubuce yake da alli a jikin allo. Ya bambanta da brasserie, wadda ta fi shi girma kuma ake samun abinci a cikinta tun hantsi har tsakar dare. Masu zuwa bistro yawanci 'yan unguwa ne, mai wurin ya san sunayensu da teburin da kowa ya saba zama.

Asalin sunan

An fara ganin kalmar a rubuce wajen shekarar 1884, kuma a lokacin mutumin da ke sayar da giyar ake kira haka, daga baya sunan ya koma kan shagon. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne sojojin Rasha da suka shiga Paris a 1814 ne suke yi wa masu shago tsawa da kalmarsu ta "bistro", wato "maza-maza". Har allo aka kafa da wannan labari a bangon wani gidan abinci a dandalin Tertre da ke unguwar Montmartre a Paris. Masana harshe ba su yarda ba, saboda shekara kusan 70 ke tsakanin zuwan sojojin da bayyanar kalmar. Wasu na danganta ta da bistraud, wato ƙaramin bara a karin harshen yankin Poitou, wasu da bistouille, ruwan kofin da ake zuba wa barasa a arewacin ƙasar. Ba a tsaya kan magana ɗaya ba.

Tarihi

Gidan abinci mai teburi daban-daban da jerin abin da mutum zai zaɓa ya bayyana a Paris wajen 1765 zuwa 1766, amma na masu hali ne. Bistro ta wata hanya ya fito, kuma 'yan ci-rani ne suka kafa shi.

Tun ƙarni na 18 talauci ke koro manoma da makiyaya daga tsaunukan tsakiyar Faransa, musamman Cantal da Aveyron da tudun Aubrac, zuwa babban birni. Mutanen Paris sukan haɗa su duka su kira su Auvergnats, wato mutanen yankin Auvergne. Sana'arsu ta farko ga-ruwa ce: su ɗebo daga kogin Seine ko famfunan gari, su rataya bokiti biyu a kafaɗa, su hau bene hawa biyar ko shida su kai wa masu gida. Da Haussmann, jami'in gwamnatin da ya sake fasalin Paris, ya riƙe ragamar birnin daga 1853 zuwa 1870, injiniyansa Eugène Belgrand ya shimfiɗa bututun ruwa, sai kasuwar 'yan ga-ruwa ta fara mutuwa. Ba su koma ƙauye ba. Kafaɗar da ta saba da bokiti ta koma ɗaukar buhun kwal da itacen girki, aka riƙa kiransu bougnats.

A shagon kwal ɗin nan bistro ya samu siffarsa. Miji na yawon kai kaya gida-gida, matar na tsare shago, ta ajiye kanta a gefe tana sayar da kofi da giyar inabi ga leburori da masu keken doki. A saman ƙofa akan rubuta Vins et Charbons, wato giya da kwal. Tukunyar da ta ɗora don iyalinta ita ce ta zama abincin sayarwa, shi ya sa har yau ake da abinci guda na rana, plat du jour, wanda in ya ƙare ya ƙare. Wanda ya tara ɗan jari sai ya aika ƙauye a turo masa ƙane ko ɗan maƙwabci ya koyi aiki, in ya ƙware 'yan garinsu su ranta masa kuɗi ya buɗe nasa. A 1882 Louis Bonnet ya kafa musu jarida, L'Auvergnat de Paris. Wasunsu sun yi nisa ƙwarai: Marcellin Cazes, mutumin Aveyron, ya sayi Brasserie Lipp a 1920, Paul Boubal kuma ya karɓi Café de Flore a 1939, dukansu shahararrun wurare a Paris. Wannan ɓangare na tarihin ya cancanci a riƙa tuna shi, domin masu yawon buɗe ido kan ɗauka bistro ƙirƙirar manyan kuku ne.

Ita kantar shagon ma ta zama alama. Ana ce mata le zinc, wato tutiya, ko da yake yawancinsu da haɗin kuza aka ƙera su. An kwashe da yawa daga cikinsu a narke lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Kusa da bistro akwai bouillon, gidan abinci mai araha na ma'aikata. Wajen 1855 wani mahauci, Pierre-Louis Duval, ya fara dafa ragowar nama da romo yana sayar wa ma'aikatan kasuwar Les Halles da araha. Bouillon Chartier, wanda aka buɗe a 1896, yana nan yana aiki. Masu kawo abinci na rubuta lissafi a kan takardar da aka shimfiɗa wa tebur, kuma ƙananan aljihunan katako da kwastomomin kullum ke ajiye adikonsu suna nan a bango. Tashin kasuwar Les Halles zuwa Rungis, a wajen birnin, a 1969 ya raba gidajen abincin tsakiyar birni da 'yan dakon da ke cika su da asuba. Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 Kabilawa, mutanen yankin Kabylie na Aljeriya, suka gaji shaguna masu yawa daga hannun Auvergnats, shi ya sa kuskus ya shiga allon wasu bistro.

Lyon

A birnin Lyon irin wannan gida bouchon ake ce masa, kuma ya fi karkata ga kayan ciki da naman alade. Mata masu girki da ake kira Mères ne suka ɗaukaka abincin garin. Eugénie Brazier ta buɗe nata a 1921, ta samu taurari uku na Michelin, matakin ƙoli a littafin da ke auna gidajen abinci, a 1933.

Abinci da tsarin zama

Abincin da aka fi sani ya haɗa da pot-au-feu, naman sa da kayan lambu da aka daɗe ana dafawa a ruwa. Blanquette, naman ɗan maraƙi a farar miya. Soyayyen nama da dankalin turawa. Cinyar agwagwa da aka dafa a kitsenta. Da miyar albasa mai cuku a sama. Musulmi mai ziyara yana bukatar ya tambaya, domin giyar inabi da kitsen alade kan shiga girki da yawa, kamar boeuf bourguignon da coq au vin, wato naman sa da naman kaza da ake dafawa a giyar inabi.

Abincin rana daga ƙarfe 12 ne zuwa 2, na dare daga wajen 7 da rabi, tsakaninsu kicin a rufe yake. Ana shiga da gaisuwar bonjour, rashin yin ta kuma rashin ladabi ne a wajensu. Doka ta tilasta a liƙa farashi a waje, burodi da tulun ruwan famfo suna cikin kuɗin abinci, ladan hidima ma haka, tukwici ganin dama ne. Ba a kawo lissafi sai mutum ya nema.

Halin da ake ciki

Alƙaluman da aka fi ambata sun nuna shagunan kofi da bistro sun kai kimanin 200,000 a 1960, yanzu ba su kai 40,000 ba, kuma ƙauyuka ne suka fi asara. Tsadar haya da abincin tafi-da-gidanka da raguwar shan giya suna cikin dalilan da ake kawowa; ana saɓani kan tasirin hana shan taba da ya fara aiki a Janairun 2008. A 1992 Yves Camdeborde ya buɗe La Régalade, inda ya kawo gwanintar manyan otal cikin ƙaramin ɗaki da farashi mai sauƙi, salon da daga baya aka laƙaba wa bistronomie. A 2014 aka fito da tambarin fait maison don bambanta abin da aka girka a wurin da wanda aka sayo a daskare. Wata ƙungiya da Alain Fontaine ke jagoranta tun 2018 tana neman UNESCO ta amince da bistro a matsayin gadon al'ada, kuma a 2024 Faransa ta shigar da shi cikin nata kundin na ƙasa.