Yawan Shanu Ba Shi Ne Riba Ba

An daɗe ana ɗauka cewa wanda garkensa ya fi yawa shi ya fi cin riba, shi ya sa makiyayi kan ƙi rabuwa da saniya ko da ta shekara 3 ba ta haihu ba. Amma a kiwon da ake yi domin sayar da maruƙa, ribar tana ga yawan waɗanda aka yaye a shekara. Cikin saniya wata 9 ne da 'yan kwanaki, saboda haka wadda take ƙoshi tana iya haihuwa kusan kowace shekara. Wadda ta rame da rani kuwa takan jinkirta neman bijimi, har tazarar haihuwarta ta kai shekara 2, alhali kuɗin abinci da magani bai tsaya ba.

Nan ne ilimantar da makiyaya yake da amfani, musamman su saba da rubuta ranar haihuwar kowace saniya, su tanadi harawa da dusa da angurya tun da kaka, sannan su sayar da juya tun tana da ƙiba, kuɗinta ya ciyar da masu haihuwa.