Waiwaye: Daga gidan marayun Iffat zuwa sana'ar adon gida a Jidda

Yau idan yarinya a Jidda ta ce adon cikin gida take karanta a jami'a, ba wanda zai yi mamaki. A zamanin kakarta kuwa, makarantar 'yan mata ta gwamnati ma babu ita, sai a 1960 aka fara buɗewa. Hanyar da ta kawo mu nan ta biyo ne ta ƙofar sadaka, kuma matan gidan sarauta suka share ta.

Abin yana da asali a Hijaz. Duk wanda ya tashi a Makka ya san Ainu Zubaida, ruwan da matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka janyo daga Wadi Nu'uman har Arfa saboda alhazai. Amma labarinmu na kusa ya fara ne da Iffat Al-Sunayyan, wadda ta taso a Istanbul, ta zo ƙasar nan ta Saudiyya a 1932 ta auri Yarima Faisal, lokacin yana wakilin mahaifinsa, Sarki Abdul'aziz, a Hijaz. A 1955 ta buɗe Darul Hanan a Jidda. Dabarar da ta yi ita ce ta fi burge ni: ta san idan aka ce makarantar mata ce kai tsaye za a yi ta ƙorafi, sai ta fito da ita da sunan gidan kula da marayu. Wa zai hana a ciyar da marainiya, a koya mata karatu? A hankali masu hali suka fara kawo nasu 'ya'yan.

Daga nan abin ya yaɗu. A 1962 aka kafa ƙungiyar mata ta Nahda a Riyad, da hannun 'yarta Gimbiya Sara. A 1999 aka buɗe Kwalejin Iffat, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa a farkon 2000, kwalejin ta zama jami'a a 2009. A wannan shekara ta 1999 ce kuma kwalejin mata ta Darul Hikma ta fara aiki a Jidda, kuma tsara cikin gida yana daga fannonin da ta yi suna a kansu. Aikin da a da ake ɗauka hidimar uwar gida ce kawai, ya koma sana'a mai takardar shaida da ofis da kwangila. Har zanen bango da matan yankin Asir na kudancin ƙasar ke yi a ɗakunansu, wanda ake kira Ƙaɗɗ, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2017.

To mu Hausawa mazauna Saudiyya fa? Ranar da aka yi wa 'yar maƙwabciyarmu jere a unguwar Shara Mansur da ke Makka, na tsaya ina kallon wata baiwar Allah da aka ɗauko don aikin. Ba ta riƙe awo ba. Ta shiga ɗakin, ta dubi inda taga take, ta ce a juya gadon kada rana ta riƙa dukan amarya da hantsi. Ta sa aka canza labule mai kauri da mara nauyi, ta jera katifun majalisa ta bar hanyar wucewa da tiren gahawa, ta ajiye kaskon turaren wuta inda iskar na'urar sanyi za ta kwashi ƙamshin. Kafin la'asar ɗan ƙaramin ɗaki ya zama abin kallo. Wannan ilimi ne da iyayenmu suka taho da shi tun daga Kano da Sakkwato, tun zamanin kwalla da kumbo da tasoshi a jere har rufi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin wannan mata ba ta da hanyar shiga waɗancan makarantu. Kuɗinsu ya fi ƙarfin gidajenmu, wasu kuma matsalar igama, wato takardar izinin zama, ta tsayar da su tun a sakandare. Masu hannu da shuni a cikinmu suna ciyarwa da azumi, suna biya wa mutane kujerar Hajji, Allah ya saka musu da alheri. Ina roƙon su ƙara da ɗaukar nauyin karatun yarinya ɗaya ko biyu a wannan fanni. Matar da ta yi jeren nan tana da 'ya da ke riƙe mata allura da zare, kuma bana take gama sakandare.