Sensar ƙofa: yadda buɗe ƙyaure ke tayar da kamara

Duk wanda ya kira mai haɗa kamarorin tsaro zuwa kantinsa a Maraɗi a ƴan shekarun nan, da wuya su rabu bai ji an ce masa, "Alhaji, a sa maka har da sensar ƙofa?" ba. Wasu sukan ce a sa, ba tare da sun san abin da suka biya ba. Wasu kuma su ce a bari, suna zaton dabarar ƙara kuɗi ce. Alhali a cikin duk kayan da ake kafawa, ita ce mafi arha, kuma ita ce mafi sauƙin ganewa.

Ƴan robobi biyu ne, kowanne bai kai tsawon yatsa ba. Ɗaya ana ɗaure shi a jikin ƙyauren da ke motsi, ɗayan kuma a gefen da ke kafe a bango, su tsaya dab da juna idan ƙofa tana rufe. Na jikin ƙyaure ba komai a cikinsa sai mayen ƙarfe. Ba waya, ba batir. Na jikin bango shi ne mai aikin. Idan ka ɓare shi za ka ga wani siririn bututun gilashi, tsawonsa santimita ɗaya zuwa biyu, a ciki akwai ƴan ƙarafa biyu masu laushi, bakunansu na kallon juna amma ba su taɓa ba. Kai shi kusa da kunnenka ka matso da mayen ƙarfen, za ka ji ɗan ƙas: sun haɗe, wuta ta samu hanyar wucewa. Ka janye, su rabu, hanya ta yanke. An liƙe gilashin ne don kada ƙura ko tsatsa su kai ga bakunan, shi ya sa yake shekara da shekaru yana aiki. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Wani injiniya mai suna Walter Ellwood ya ƙirƙiro ta a 1936 a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka, don haɗa layukan waya, kafin daga baya masu harkar tsaro su ɗauke ta.

Abin da nake son mai kanti ya riƙe shi ne: wannan abu magana ɗaya tak ya iya, ko "a rufe" ko "a buɗe". Bai san ɓarawo ba, bai san mai gida ba, bai san dare ko rana ba. Kamar fitilar cikin firiji ne, wadda ke kamawa ko wa ya buɗe. Duk hikimar tana can ɗaya ƙarshen wayar, wurin abin da aka jona shi da shi.

Mafi sauƙi a jona shi da jiniya, ƙofa ta buɗe ta yi kuka. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Na biyu shi ne inda masu kamara ke cin riba. Da yawa daga cikin akwatunan naɗar hoto, irin na Hikvision da Dahua, suna da wasu ƴan ramuka a bayansu da aka tanada don karɓar irin wannan saƙo, ko da yake ƙananan masu arha ba duka ke da su ba, sai a duba kafin a saya. Ana kai wayoyin sensa biyu can, sannan a shiga tsarin akwatin a ce masa: idan wannan ƙofar ta buɗe, kamara kaza ta fara naɗa, ka aika sanarwa zuwa salula. Wani zai ce ai kamara da kanta tana gane motsi, me ya kai mu ga wani ƙarin waya? Gaskiya ne tana ganewa, amma yadda take yi shi ne ta gwada hoton yanzu da na ɗazu, duk abin da ya canza ta kira shi motsi. To a garin nan me ba ya canzawa? Ƙurar hunturu tana ratsa hasken kamara da dare, ƙwarin damina suna taruwa a kan fitilunta, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin gilashi iska tana kaɗa ta, ƙadangare ya bi bango, fitilar ɗan kabu-kabu ta hasko ta wuce. Kowanne sanarwa ne. Mutumin da salularsa ta tashe shi a banza dare bayan dare, ƙarshenta kashe ƙarar zai yi, kuma ranar da abin gaske ya zo yana barci. Sensar ƙofa ba ta da wannan surutun. In ta yi magana, to ƙyaure ya motsa.

Akwai wani saiti da ake yawan mantawa da shi, kuma yana ba ni takaici in ga an bar shi. Akwatin yana iya riƙe ƴan daƙiƙoƙin da suka gabaci buɗewar ƙofa, biyar ko goma, ya haɗa su da abin da ya naɗa. Idan ba a kunna wannan ba, kafin naɗi ya kankama mutum ya riga ya shige, sai ƙeyarsa za ka gani. Haka kuma kamarar da ke cikin kanti tana fuskantar ƙofa da rana tsaka, hasken waje yakan rinjaye ta, mai shigowa ya fito baƙi ƙirin. A gwada ta da rana, a gwada ta da dare, kafin a sallami mai aiki.

Na uku shi ne na matasa masu son ƙere-ƙere, irin ɗaliban da ke karatun lantarki da kwamfuta a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ta fito a Birtaniya a 2012, tana da jerin ƴan allurai a gefenta masu aiki da wutar bolt 3.3. Waya ɗaya ta sensa ta tafi ga ɗaya daga cikinsu, ɗayar ta tafi ga allurar ƙasa, wadda ake kira GND. Sai a rubuta ɗan gajeren umarni da Python, wani harshen rubuta wa kwamfuta umarni, wanda aikinsa jira ne kawai: da zarar yanayin allurar ya canza, ya ɗauki hoto, ya rubuta lokaci, ya tura ta Telegram ko imel. A nan ne ake koya wa sensa hankalin da ba ta da shi. Ana iya cewa daga safe zuwa isha'i a rubuta lokaci kawai a yi shiru, bayan an tashi daga kasuwa kuwa a tashi mai kanti. Ana iya cewa idan ƙofar magaza ta wuce minti biyar a buɗe, a tunatar. Wani ɗan allon lantarki mai suna ESP32, wanda ya fi arha, shi ma yana yin wannan aikin. Abu guda da ke rikita mai farawa: a lokacin da ƙarafan nan biyu ke haɗewa, sukan ɗan yi tsalle na wani ɗan mitsitsin lokaci da ido ba ya gani, amma kwamfuta tana gani, sai ta ƙirga motsi ɗaya sau uku ko huɗu. Maganinsa a sa umarnin ya dakata kamar kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa kafin ya yarda da abin da ya gani.

Sai matsalolin da suke namu na nan. Kusan duk ƙofar kanti da ta gida a Maraɗi ta ƙarfe ce, aikin masu walda, shi kuwa ƙarfe yana shanye ƙarfin maye. Sensar da aka ce tana kamawa daga santimita biyu, a kan ƙarfe tazarar takan ragu sosai. Sai a ɗora ta a kan ɗan katako ko roba mai kauri, ko a nemi babbar da aka yi musamman don ƙofofin ƙarfe da masu naɗewa sama. Ƙyauren da ya saki yana girgiza in iska ta taso, shi ma zai riƙa kawo ƙarya. A fara kiran mai walda.

Wuta kuma ita ce babba. Kuran ɗin da NIGELEC ke rabawa a yankinmu, mai yawa daga Nijeriya yake zuwa ta layin Katsina, kuma ba wanda ya manta yadda aka yanke shi a watan Agustan 2023, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Ita sensar ba ta cin wuta, amma akwatin naɗa da kamara da na'urar intanet duk suna ci. Tsarin da ba shi da batir a bayansa, ko farantin sola, yana mutuwa ne daidai lokacin da unguwa ta yi duhu. Don haka ni na fi natsuwa da ƙaramin akwatin ƙararrawa mai ɗaukar layin waya, na Airtel ko Moov ko Zamani, wanda ke kira ko ya aika saƙon tes ba tare da intanet ba. Sharaɗinsa kada a bar layin ba kuɗi har a rufe shi. Irin sensar da ke aiki ba waya, masu ƴar batir mai kamar kwabo a ciki, suna da sauƙin kafawa, sai dai batirin kan ƙare ba sallama.

Mai aikin da ya san hannunsa yana jona sensa ne ta yadda wuta ke zagayawa muddin ƙofa na rufe. Ta haka, wanda ya datse wayar ya tayar da ƙararrawa da kansa. Kuma a ciki ake kafa ta, ba a waje ba, domin wanda ya ga inda take yana iya ruɗarta da wani mayen ƙarfe. Ko an yi duk wannan, ɓarawon da ya ɓanɓare kwano ya diro ta sama, ko ya fasa bango ta baya, bai taɓa ƙofa ba, sensa kuwa ba ta da labarinsa. Irin wannan sai na'urar da ke jin ɗumin jikin mutum a cikin ɗaki.

A gida, ina ganin iyakar kamara ita ce garka da zaure. Cikin gida na iyali ne, hoton da ya hau intanet kuwa ba ka da tabbacin inda zai tsaya. A kanti kuma a gaya wa yara cewa ana rubuta lokacin buɗewa da rufewa, kada su tsinta daga baya su ji an mai da su abin zargi.

Ranar da aka gama kafawa, ka ce wa mai aikin, "Malam, tsaya mu gani." Ka rufe ƙofa, ka riƙa jan ta a hankali har saƙo ya shigo, ka duba girman kafar da ta buɗe. In hannu zai iya shiga kafin ta yi magana, a matso da ita can gefen da makulli yake, nesa da inda ƙyauren ke juyawa. Sannan ka kashe kuran daga kanta, ka sake buɗewa.