Jiha ko gari, wa ke da ta cewa kan rijiyar mai? Fashin baƙin dokar Kolorado ta 2019

A jihar Kolorado ta Amurka, mutum zai iya mallakar gida da filinsa da takardu cikakku, amma man da ke kwance ƙarƙashin ɗakin kwanansa ya zama na wani ne dabam. Dokarsu ta yarda a sayar da doron ƙasa ga wani, a sayar da ma'adinin da ke ƙarƙashi ga wani. Mai ma'adinin kuwa yana da haƙƙin isa ga dukiyarsa. A Najeriya ba haka abin yake ba, domin sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk mai da iskar gas a hannun gwamnatin tarayya. A Amurka, in ba a filayen tarayya ko na ƙabilun asali ba, yawancin ikon tsara haƙar mai na jihohi ne. Shi ya sa rigimar tasu take tsakanin jiha da garuruwanta.

Abin da ya hura wutar rigimar shi ne dabarar haƙa ta zamani. Ana nutsa rijiya ƙasa, sannan a karkata ta a kwance ta yi tafiyar kilomita biyu ko uku, a tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfi su tsattsage dutsen da ya riƙe man. Dabarar ta farfaɗo da filayen mai na arewacin birnin Denver a daidai lokacin da unguwanni ke ta yaɗuwa zuwa can. Sai ga rijiyoyi a bayan gidaje da makarantu, da ƙarar injina dare da rana, da manyan motoci, da wari.

Garuruwa suka nemi kare kansu. A 2012 mutanen Longmont suka kaɗa ƙuri'ar haramta wannan dabara a cikin garinsu. A 2013 Fort Collins ta dakatar da ita na shekara biyar. Ƙungiyar kamfanonin mai ta kai ƙara, kuma a watan Mayun 2016 Kotun Ƙolin jihar ta soke matakan biyu. Hujjarta ita ce, mai ba ya tsayawa a kan iyakar gari, jiha tana da ruwa da tsaki a cikinsa, kuma duk inda dokar gari ta hana abin da dokar jiha ta halatta, ta jiha ce za ta yi aiki. Hukuncin ba sabo ba ne, tun a 1992 kotun ta yi wa garin Greeley irinsa.

A watan Afrilun 2017 wani gida ya tarwatse a garin Firestone, mutum biyu suka mutu. Bincike ya gano cewa iskar gas ce ta tsiyayo daga wani yankakken bututu da ke haɗe da rijiyar da ke kusa, ta taru a ƙasan gidan. A Nuwamban 2018 aka gabatar wa masu zaɓe shawarar a nisanta kowace sabuwar rijiya ƙafa 2,500 daga gidaje, wato kimanin mita 760. Shawarar ta faɗi. Amma a zaɓen nan ne jam'iyyar Demokrat ta samu rinjaye a majalisun jihar biyu, ga kujerar gwamna a hannunta, kuma ranar 16 ga Afrilun 2019 Gwamna Jared Polis ya sa hannu a dokar da aka fi sani da lambarta, SB 19-181.

Da farko dokar ta sauya aikin hukumar mai ta jihar. A da, an ɗora mata bunƙasa haƙar mai tare da lura da lafiyar jama'a. Yanzu aikinta shi ne tsara haƙar ta yadda za a kare lafiyar mutane da muhalli da namun daji. Barin mai a ƙasa don kare lafiya ya daina zama “ɓarna” a idon doka. An kuma mayar da hukumar hannun kwamishinoni biyar masu aiki na cikakken lokaci.

Sashen da ya fi muhimmanci shi ne rabon iko. Tsara duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa aikin jiha ne: yadda za a gina rijiya, simintin da za a zuba don kare ruwan sha, tazarar da ke tsakanin rijiyoyi a cikin dutse. Abin da ke saman ƙasa kuwa, an buɗe wa garuruwa da gundumomi ƙofa. Suna iya cewa ga inda za a kafa rijiya, ga inda ba za a kafa ba. Suna iya ƙayyade ƙara da ƙura da wari da hasken fitilu da zirga-zirgar motoci, su tura masu dubawa, su ci tara idan an samu tsiyaya, su karɓi kuɗin da zai biya ɗawainiyar sa idon. Kamfanin da ke neman izinin jiha dole ya nuna cewa ya riga ya je wurin ƙaramar hukumar da filin ke cikinta, in tana da irin wannan tsari. Kuma dokar ta faɗa a fili cewa ƙa'idar gari tana iya fin ta jiha tsanani.

Wato ƙa'idar jiha ta zama daɓe, ba rufi ba. Gari zai iya ɗorawa a kai, amma ba zai iya haƙa ƙasa da ita ba. A ƙarshen 2020 hukumar jihar ta ɗaga tazarar da ke tsakanin sabuwar rijiya da gidaje daga ƙafa 500 zuwa 2,000, kusan mita 610, duk da akwai hanyoyin neman sassauci. Gundumar Boulder ta rubuta nata ƙa'idojin masu tsauri. Maƙwabciyarta Weld, wadda ita ke fitar da mafi yawan man jihar kuma harajinsa ke riƙe da makarantunta, ta kafa nata sashen kula da mai don sauƙaƙa wa kamfanoni. Sai dai izinin Weld bai wadatar ba, kamfani sai ya cika sharuɗɗan jiha ma.

To ko gari zai iya haramta haƙar gaba ɗaya? Dokar ba ta ce haka ba. Ikon da ta bayar na tsarawa ne, kuma ta gindaya cewa ƙa'idar ta kasance ta zama dole kuma ta dace da hankali. Masu fafutuka sun koma kotu suna neman a raya haramcin Longmont, amma a 2020 wata kotun gunduma ta ƙi. A ganina nan ne dokar ta bar baya da ƙura. Idan gari ya sa tazarar da ba za a samu ko taku ɗaya da ya cika ta a cikin iyakarsa ba, tsarawa ya yi ko haramtawa? Mai ma'adinin zai ce an ƙwace masa dukiya ba diyya. Garin zai ce ai rijiya tana tafiya a kwance, a je nesa a haƙo. Kowanne yana da abin kamawa, kuma alƙalai ne za su riƙa yankewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma batun tilasta haɗaka. Tun da rijiya guda tana ratsa ƙarƙashin filayen mutane da yawa, dokar jihar ta daɗe da ba kamfani damar jawo har waɗanda suka ƙi, a biya su kasonsu. A da amincewar mai ma'adini ɗaya ta isa a fara neman haka. Yanzu sai masu fiye da kashi 45 cikin 100 na ma'adinin yankin sun yarda.

Jihar Teksas ta bi akasin wannan hanya. Bayan mutanen garin Denton sun haramta dabarar tsattsage dutsen a Nuwamban 2014, majalisar jihar ta yi dokar HB 40, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a Mayun 2015. Ta bar wa garuruwa 'yan abubuwan saman ƙasa kawai, da sharaɗin kada ƙa'idar ta hana kamfani mai hankali gudanar da kasuwancinsa. Denton ta janye haramcinta cikin makonni. A jihar New York kuwa, babbar kotunsu ta yanke a 2014 cewa garin Dryden yana da ikon hana haƙar ta hanyar dokar tsara filaye.

Tsarin Kolorado ya fi na Teksas adalci ga wanda rijiya ke bayan katangarsa, amma yana da tsada. Rubuta ƙa'ida da ɗaukar masu dubawa da tsayawa a kotu da lauyoyin kamfani aiki ne na gundumar da ke da kuɗi da ma'aikata. Ƙaramin garin da ba shi da su, abin da jiha ta gindaya shi ne iyakar kariyarsa.