Barin zoɓo a buɗe ba ya hana barasa fitowa

Masu sayar da zoɓo da kunun zaƙi a Kaduna, daga Kasuwar Barci har Kawo, sun daɗe da yarda cewa yis ba ya samar da barasa sai an toshe masa iska. Shi ya sa wasu ke barin bakin jarka a buɗe, hankalinsu kwance.

Maganar tana da tushe. A 1861 masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Pasteur ya lura cewa iska tana rage wannan aiki na yis. Amma yis ɗin da ake yin burodi da giyar inabi da shi, Saccharomyces cerevisiae, idan ya sami sukari da yawa, barasa yake mayar da mafi yawansa ko da iska ta wadata. Masana suna kiran wannan ɗabi'a da sunan Crabtree, kuma wani masani mai suna De Deken ya yi bayaninta a 1966. Ko giram ɗaya na sukari a lita ya isa ya sa yis ya fara samar da barasa, balle zoɓon da aka zuba wa sukari cokali-cokali.

Wannan ya dame ni, domin mutane tsakani da Allah suke gudun haram. Sanyin firiji ne yake rage wa yis kuzari, sai kuma a shanye abin da wuri.