Waiwaye: zamanin da bishop ke buga kuɗinsa a Jamus

Kafin Jamus ta zama ƙasa ɗaya a 1871, ai tarin ƙananan masarautu ne, kuma da yawansu, har zuwa 1803, bishop, wato babban limamin coci, ne ke mulki, shi ne liman shi ne sarki, shi ke karɓar haraji, shi ke buga kuɗi da hoton fuskarsa. Manyansu su ne na Mainz da Kolon da Trier, ukun nan har zaɓen babban sarkin daular da ta haɗa masarautun, wato Daular Roma Mai Tsarki, suke shiga, wata dokar daular ta 1356 kuma ta tabbatar musu da ikon buga kuɗi. Sannan ga Würzburg, Bamberg, Münster, Fulda, kowa da nasa taler, wato babban sulen azurfa.

To sarautar nan fa ba gado ba ce, tunda ba sa aure. Bishop na mutuwa sai majalisar manyan limaman cocin ta riƙe gari kafin a zaɓi wani, a ɗan tsakanin nan su ma sai su buga nasu kuɗin, su sa hoton waliyyin garin ko ginin cocin, a rubuta Sede Vacante da Latin, wato kujera ba kowa. Münster ta yi a 1761, Eichstätt a 1790. Kaɗan ake bugawa, shi ya sa yau in ya fito gwanjo masu tara tsofaffin kuɗi ke rububinsa.

Ni kam wanda ya fi burge ni shi ne na wajen 1795, lokacin da yaƙi da Faransa ya cinye baitulmali, sai su Bamberg da Fulda suka narkar da kwanuka da kofunan azurfa na fada da na coci aka mai da su sulalla. Na Eichstätt na 1796 ma a jikinsa aka rubuta cewa daga kwanukan fada aka yi shi. A 1803 aka rushe kusan duk masarautun aka raba wa sarakunan maƙwabta, buga kuɗin ya tsaya.

Yawancin na ƙarshe-ƙarshen nan ma'auninsu ɗaya da kuɗin Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, mai shekarar 1780 da ya yi yawo a kasuwannin Kano da Borno har maƙeran fari suka riƙa narka shi, wajen giram 28 ne. Shi ya sa masu sayen taler ɗin bishop ke fara ɗora shi kan sikeli don jabu ya yi yawa, sannan su duba ko an taɓa goge shi ko an liƙa masa marataya, don wanda aka wanke yana ƙyalli farashinsa faɗuwa yake.